Hawa keke da tafiya a ƙasa: zaɓin mutum ne, ko nauyin hukuma?

Likitan_Iyali:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, kuma ina so in ajiye ta a gabanku mu tattauna. A ganina, shawarar da mu ma'aikatan lafiya muke ba wa jama'a cewa su riƙa motsa jiki ba ta yin tasirin da muke zato, kuma ba za ta yi ba matuƙar titunan da mutane suke bi kullum ba su ba su damar tafiya a ƙasa ko hawa keke cikin kwanciyar hankali ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma yana buƙatar kimanin minti 60 a kowace rana. Amma alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya, wato mutum kusan biliyan 1.8, ba sa kaiwa ko ga mafi ƙarancin wannan mizani.

Masu hawan jini da ciwon suga da suke zama a gabana sun san amfanin motsa jiki sarai, wasunsu ma sun fi ni iya bayaninsa. Lokaci ne ba su da shi. Mutumin da ya fita tun sassafe, bai dawo ba sai bayan duhu ya yi, ba zai ware wata sa'a ya tafi wurin motsa jiki ba, ko sau nawa na faɗa masa. To amma da a ce zuwansa wurin aiki minti 15 ne a kan keke, dawowa ma minti 15, kwana biyar a mako, da ya cika minti 150 ɗin nan ba tare da ya ƙara komai a kan hidimominsa ba. Shi ya sa nake ganin hanyar keke da gefen titi na masu tafiya a ƙasa aikin lafiyar jama'a ne, daidai da samar da ruwan sha mai tsabta, kuma ya kamata likitoci su shiga sahun gaba wajen neman su. Shin ku ma haka kuke gani, ko kuwa hawa keke zaɓin mutum ne da bai shafi hukuma ba?

Direba_Dattijo:
Wa alaikumus salam Likita, Allah ya saka da alheri. Ni a bakin sitiyarin babbar mota na ƙare ƙuruciyata, kuma ba zan iya ba wa ɗana shawarar ya hau keke a kan babban titi ba, komai amfaninsa ga zuciya. Bari in gaya muku abin da yawancin masu keke ba su sani ba. Idan ina zaune a saman kujerar tirela, akwai wani yanki a gefena, daga ƙofar fasinja zuwa tayoyin tsakiya, wanda madubi ba ya nuna mini shi yadda ya kamata. Mai keke yakan zo ya tsaya a nan daidai lokacin da danja ta tsayar da mu, yana zaton direba ya gan shi. Da an ba mu hannu na karya kwana, kan motar zai yi waje, tayoyin baya kuwa su yanko ciki su bi ta inda yake tsaye. Shi ba shi da wurin gudu, ni kuma ban san da shi ba. Allah ya tsare ni har na ajiye aiki, amma na ga abokan aikin da hakan ta faru a hannunsu, kuma ba su sake zama daidai ba. Motsa jikin da zai kai mutum wannan wuri gara a haƙura da shi.

Ummu_Hanan:
Baba Direba ya faɗi abin da yake zuciyar iyaye da yawa. Ni kaina na iya keke, amma tsoron titi ya sa nawa ya daɗe a jingine.

Injiniya_Hanya:
Baba, maganarka gaskiya ce, kuma a wurina ita ce hujja mafi ƙarfi da take goyon bayan Likita, duk da cewa a matsayin suka ka kawo ta. Wanda ya zana titin ne ya ajiye mai keke a wurin da ka kwatanta, domin bai tanadar masa wani wurin tsayawa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma babu abin da ya fi haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29.

Mutane da yawa suna zaton 'yan Holan tun fil azal haka titunansu suke. Bayan yaƙin duniya na biyu su ma sun buɗe wa mota biranensu, aka rushe gidaje domin faɗaɗa tituna, aka mayar da dandali wurin ajiye motoci. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka tashi da gangamin neman a daina kisan yara, suna tare tituna suna zanga-zanga, sai kuma rikicin man fetur na 1973 ya zo, gwamnati ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi, jama'a suka ga yadda titi yake idan babu mota. Daga nan aka fara gina hanyoyin keke waɗanda dakali ya raba su da na mota. Abin da ya shafi maganarka kai tsaye, Baba, shi ne yadda suka sake zana mahaɗar hanya: sukan gina ɗan tsibirin kankare a kusurwa, wanda yake tilasta wa mota ta rage gudu ta gama karya kwana kafin ta haɗu da hanyar keke, ta yadda direba zai ga mai keke ta gilashin gaba, ba sai ya neme shi a madubi ba. Yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen ƙasar a kan keke ake yi, kekuna sun fi mutane yawa, kuma tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht kaɗai tana da wurin ajiye keke 12,500.

Dan_Kasuwa_83:
Injiniya, ka yi bayani mai gamsarwa game da haɗari, amma ba ka faɗi inda za a samo filin ba. Titi ba ya ƙara faɗi da kansa. Duk inda aka yi hanyar keke a cikin gari, wurin tsayawar motoci ake cirewa, kuma masu shaguna ne suke fara jin jiki, domin abokin cinikin da bai sami inda zai tsaya ba gaba zai yi. Sannan idan aka rage wa motoci layi ɗaya, cunkoso zai ƙaru, hayaƙi ya ƙaru, lafiyar da ake nema ta ƙara lalacewa. Ni na fi ganin a faɗaɗa tituna tukuna, idan fili ya ragu a ba wa masu keke.

Mai_Nazarin_Birane:
Alhaji, wannan fargaba ta masu shaguna an sha jin ta a birane da yawa, kuma an sha auna ta. A Toronto ta Kanada an gwada hanyar keke a titin Bloor a 2016, aka bi diddigin ciniki kafin gwajin da bayansa, aka tarar da yawan masu zuwa da abin da suke kashewa sun ƙaru, har majalisar birnin ta tabbatar da hanyar a 2017. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wurin da mota ɗaya take tsayawa yana ɗaukar keke kusan goma, kuma mai keke ko mai tafiya a ƙasa yana ganin kaya yana tsayawa, alhali mai mota hankalinsa yana kan wanda yake gabansa. An kuma lura cewa masu shaguna sukan yi wa adadin abokan cinikinsu masu zuwa a mota ƙiyasin da ya wuce gaskiya, wataƙila don su kansu a mota suke zuwa.

Game da faɗaɗa titi kuwa, an gwada shi iyakar gwaji. A Houston ta Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy har ta kai layi 26 a wasu wurare, aka gama a 2008, amma cikin 'yan shekaru lokacin tafiya a sa'o'in cunkoso ya sake hawa. Sabon layi yana jawo sababbin motoci, domin wanda a da yake shiga bas ko yake kauce wa hanyar sai ya ga ta buɗe. Idan aka ce sai fili ya ragu za a ba wa masu keke, to ba zai taɓa raguwa ba.

Dan_Kasuwa_83:
Na gode Malam. Sai dai a cika maganar Toronto: a 2024 gwamnatin lardin Ontario ta yi dokar neman cire wannan hanya ta Bloor ɗin da wasu biyu, tana mai kafa hujja da cunkoso. Ke nan ko a can ba kowa ne ya gamsu ba. Kuma ba a ce mini komai ba game da motar da take sauke kaya.

Mai_Nazarin_Birane:
Haka ne Alhaji, an yi dokar, kuma jayayya ce mai zafi. Maganar sauke kaya kuwa haƙƙi ce, kuma duk tsarin da bai ware wa motocin kaya wuri da lokaci ba ya gaza tun daga takarda.

Sadiq_M:
Ina bin wannan tattaunawa da sha'awa, amma misalan da ake kawowa na ƙasashen sanyi ne. Kaso mai yawa na mutanen duniya suna zaune ne a inda rana take dukan mutum har ya rasa inda zai sa kansa. Ma'aikacin ofis ba zai isa wurin aiki sharkaf da gumi ba, kuma Likita ya fi ni sanin abin da zafi mai tsanani yake yi wa mai ciwon zuciya. Ga kuma nisa. Biranen da suke girma yanzu bazuwa suke yi, talaka yana can bakin gari, aikinsa yana tsakiya. Wannan lissafi na minti 15 bai shafe shi ba.

Injiniya_Hanya:
Malam Sadiq, a duba birnin Sevilla a kudancin Sifen, inda zafin bazara yake haura digiri 40. Daga 2006 zuwa 2010 sun gina hanyar keke fiye da kilomita 100, kuma yawan masu hawa ya ninka sau da dama. Abin da suka yi daidai shi ne sun gina ta a haɗe cikin ɗan lokaci, ta yadda mutum zai tashi daga unguwarsa ya isa inda za shi ba tare da hanyar ta yanke ta jefa shi cikin motoci ba. Guntun hanyar da ta ƙare a bakin shataletale ba ta da amfani ga kowa, kuma irinta ce ake nunawa a ce ga shi an yi amma babu mai bi. A ƙasar zafi kuwa bishiya wani ɓangare ne na hanyar, kamar yadda kwalta take, kuma injiniyan da ya sare bishiyoyi don ya miƙe titi ya kori masu tafiya a ƙasa ko da ya gina musu gefe mai faɗi.

Maganar nisa ita ce mai nauyi, kuma keke shi kaɗai ba zai warware ta ba. Inda abin ya yi aiki, keke yana kai mutum tashar bas ko ta jirgin ƙasa ne, ya ajiye shi a wurin da ba za a sace ba, ya ƙarasa tafiyar. Keke mai batir ma ya sauƙaƙa nisa da tudu, kuma mai shi yana taka feda, saboda haka jikinsa yana motsawa.

Malamar_Sakandare:
Ina so in ja hankalinku ga 'yan mata, domin har yanzu ba a ambace su ba. A jihar Bihar ta Indiya, gwamnati ta fara ba wa 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke a 2006. Masana tattalin arzikin da suka nazarci shirin sun gano cewa shigar 'yan mata sakandare a shekarun da suka dace ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, kuma tazarar da take tsakaninsu da maza ta ragu da kashi 40 cikin ɗari, musamman a ƙauyukan da makaranta take da nisa. Yarinyar da ta gama sakandare takan fi sanin yadda za ta kula da lafiyarta da ta 'ya'yanta, saboda haka wannan ma lafiyar al'umma ce, Likita, ko da ba ta hanyar bugun zuciya ba.

Abu na biyu, masu tsara birane suna cewa idan kana so ka san ko hanyar keke tana da aminci, ka dubi su wa suke bin ta. A Holan mata sun fi maza yawan tafiya a kan keke. A biranen da babu kariya kuwa samari majiya ƙarfi ne suka fi yawa. Dogayen tufafi ma ba matsala ba ce idan keken irin wanda ba shi da sandar sama ne, kuma an rufe sarƙarsa da gefen tayar baya.

Ummu_Hanan:
Malama, Allah ya yi miki albarka. Akwai kuma maganar idon mutane. A wurare da yawa ana kallon mai keke a matsayin wanda bai samu ba, kuma da zarar mutum ya sami hali abu na farko da yake yi shi ne ya rabu da shi.

Mai_Nazarin_Birane:
Wannan haka yake, Hajiya, kuma ya faru a Sin, ƙasar da a da kekuna suka cika titunan Beijing, sannan aka yi ta barin su yayin da arziki ya ƙaru. Amma kallon yakan canja idan masu hali suka ga keke ya fi mota saurin kai su. Mark Rutte ya sha zuwa ofis a kan keke lokacin da yake firaministan Holan, kuma a kan keke ya bar ofishin a 2024. Ina ganin daraja tana bin hanya ne. Inda aka bar mai keke yana raɓe-raɓe a bakin kwalbati motoci suna watsa masa ruwa, dole a raina shi.

Dalibin_Kididdiga:
Likita, da izininka ina da tambaya game da hujjar lafiyar kanta. Ana yawan ambaton binciken Jami'ar Glasgow na 2017, wanda ya bi mutum fiye da 260,000 a Birtaniya tsawon shekara biyar, ya ce masu zuwa aiki a kan keke haɗarin mutuwarsu da wuri ya yi ƙasa da kashi 41 cikin ɗari, na kamuwa da ciwon daji da kashi 45, na ciwon zuciya da kashi 46. Alƙaluman suna da ban sha'awa, amma ta yaya za mu tabbatar keken ne ya ba su lafiya? Mai yiwuwa ne masu lafiya tun asali su ne suke zaɓar hawa keke.

Likitan_Iyali:
Tambaya ce mai kyau ƙanena, kuma ta girme mu duka. Masu binciken Glasgow sun yi la'akari da shekaru da shan taba da ƙiba da cututtukan da mutum yake da su tun farko, amma gaskiya ne irin wannan nazari ba ya kawar da shakka gaba ɗaya, kuma ni ba na yi wa majiyyaci alƙawarin kashi 41. Sai dai wannan ba shi ne kaɗai abin dogaro ba. Tun 1953 wani likita mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas mai hawa biyu na Landan da kwandastocinsu. Motarsu ɗaya, sa'o'in aikinsu ɗaya, amma direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Aka yi masa irin tambayar da ka yi mini, sai ya je ya duba girman kayan aikin da aka ɗinka musu, ya tarar lallai direbobin sun fi jiki tun farkon shigarsu aiki, amma duk da haka kwandasta ya fi direba mai irin jikinsa tsira. Daga baya an yi gwaje-gwaje masu yawa da suka nuna motsa jiki a kai a kai yana sauke hawan jini kuma yana taimaka wa jiki sarrafa suga. Abin da yake burge ni a binciken Morris shi ne kwandastocin nan ba su taɓa ƙudurta motsa jiki ba, aikinsu ne ya ƙunshe shi, kuma abin da nake nema wa jama'a ke nan a kan hanyarsu ta kullum.

Mai_Asma:
Ni mai fama da asma ce, kuma tambayata ita ce hayaƙi. Mai keke yana numfashi da ƙarfi a bayan salansar mota. Ba cutar da kansa yake yi ba?

Likitan_Iyali:
Allah ya ƙara sauƙi, Malama. Gurɓatacciyar iskar waje babbar annoba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 4.2 da ita a 2019. Masu bincike a Jami'ar Cambridge sun lissafa a 2016 cewa a mafi yawan biranen duniya amfanin hawa keke da tafiya a ƙasa ya rinjayi illar hayaƙin da ake shaƙa, in ban da 'yan biranen da gurɓatar ta kai matuƙa, su ma sai an daɗe a waje. Amma wannan lissafin jama'a ne gaba ɗaya. Ke da kike da asma, ki bi ƙananan layuka maimakon babban titi, ki kauce wa lokacin cunkoso, kada ki fita ba tare da abin shaƙarki ba, kuma ki shawarci likitan da ya san ki.

Tsohon_Bakanike:
Ku yi mini afuwa in sa baki a abin da na sani. Mutane da yawa da suke cewa keke yana sa musu ciwon gwiwa, sirdinsu ne ya yi ƙasa. Ka hau, ka ɗora dugaduganka a kan feda lokacin da take can ƙasa, idan ƙafarka ta miƙe daidai to tsayin ya yi, idan gwiwa ta lanƙwashe sosai a ɗaga sirdin. Taya mai ƙarancin iska tana ninka wahala kuma ita ce take yawan kai mutum wurin faci. Kafin ka fita ka matsa birkin gaba da na baya ka tura keken, ka ga ko ya tsaya. Da dare kuma fitila fara a gaba, ja a baya. Duk shirin da zai raba kekuna bai koyar da masu gyara ba, bayan shekara guda zai tarar da rabinsu a jingine saboda ƙaramin abu.

Hajiya_Kaka:
'Ya'yana, kun karkata ga keke kun manta da mu da ƙafa kaɗai muka dogara da ita. Ni da sanda nake tafiya. Gefen titin da aka ce namu ne, wani ya ajiye mota a kai, wani ya tara yashi, murfin kwalbati ya ɓace, dole in sauka in bi ta cikin motoci. Idan zan tsallaka kuwa sai a nuna mini gadar sama mai matakala da yawa, wadda gwiwata ba za ta iya ba, balle mai keken guragu ko mace mai tura jariri. Tsoho idan ya daina fita, ƙafarsa takan mutu, kaɗaici ya kama shi. Ina roƙon masu wannan fafutuka su fara da mu, kuma su ja wa masu keke kunne, domin akwai waɗanda suke wucewa ta jikinmu a guje ba ko ƙararrawa.

Injiniya_Hanya:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Gadar sama a tsakiyar unguwa don mota ake gina ta, domin kada ta tsaya, shi ya sa mutane suke ƙin hawa su ratsa ta ƙasa. Abin da ya fi shi ne wurin tsallakawa a ƙasa wanda aka ɗaga shi daidai da gefen titi, da tsibiri a tsakiya inda mutum zai tsaya ya huta, da rage gudu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan matsakaicin gudu ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, haɗarin da ake rasa rai a cikinsa yana ƙaruwa da kashi 4. Saboda haka taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurran hanya a Stockholm ta Sweden a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a sa'a duk inda mutane da motoci suke cakuɗuwa, Paris kuma ta yi hakan a yawancin titunanta a 2021. Oslo, babban birnin Norway, ta kammala shekarar 2019 ba a kashe mai tafiya a ƙasa ko mai keke ko ɗaya ba. Allo kaɗai ba ya rage gudu, sai an ƙuntata layi an sa tudu.

Sadiq_M:
Duk waɗannan ayyuka ne na birane masu kuɗi. Wanda kasafinsa bai kai ba fa?

Nana_Aisha_T:
Malam Sadiq, Bogota ta Kolombiya ba birnin masu kuɗi ba ce lokacin da ta fara a 1974. Har yau kowace Lahadi da ranar hutu ana rufe wa motoci tituna fiye da kilomita 120 daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, jama'a su fito da kekuna da ƙafa. Kigali ta Ruwanda ta fara irin nata a 2016, kuma a wurin ana auna wa mutane hawan jini da suga. Shingaye da ma'aikata kawai ake buƙata.

Sadiq_M:
Na san da su, Malama, kuma ba na raina su. Amma ranar Litinin titin yana komawa yadda yake. Abin da Likita ya fara da shi tafiyar kullum ce, ba fitar ranar hutu ba. Ina tsoron shugabanni su riƙe irin wannan rana su ce sun yi aiki.

Direba_Dattijo:
Na karanta duk abin da aka rubuta. Injiniya, tsibirin kusurwa da ka kwatanta na gane shi, kuma da akwai shi da ya ceci rayuka. Amma har yanzu ina nan a kan bakata: kada a ce wa mutane su hau keke kafin a gina shi. Kuma a sa hular kwano dole.

Injiniya_Hanya:
Baba, hular kwano tana rage raunin kai idan mutum ya faɗi, kuma ina ba da shawarar a sa ta, musamman yara. Amma ba ta hana tayar tirela abin da ka kwatanta. Ostireliya ta wajabta ta tun farkon shekarun 1990, a Holan kuwa kaɗan ne suke sa ta, duk da haka Holan tana cikin ƙasashen da suka fi aminci ga mai keke idan aka auna da nisan da ake tafiya. Akwai kuma gyara ta ɓangarenku: tun 2021 Landan take auna yadda direban motar da ta haura tan 12 yake iya gani kai tsaye ta gilashinsa, wadda ba ta kai mizani ba sai an ƙara mata kyamara da na'urar gargaɗi kafin ta shiga birnin.

Likitan_Iyali:
Baba, a kan tsarin gaba da baya ba mu saɓa sosai ba. Inda na tsaya shi ne, hukuma ba ta gina abin da ba a nema ba, kuma akwai miliyoyin mutane da suke kan keke da ƙafa yau ɗin nan don ba su da wata hanya. Su ba jiran shawararmu suke yi ba, kariya suke jira.

Sadiq_M:
Wannan na yarda da shi. Amma idan kuɗin da ake da shi kaɗan ne, ni bas mai tsari zan fara sa wa, sannan gefen titi kamar yadda Hajiya Kaka ta roƙa, keke ya zo na uku. Mai shiga bas ma yana tafiya a ƙasa zuwa tasha kullum.

Malamar_Sakandare:
Malam Sadiq, ba zan yi jayayya da kai a kan bas ba, amma akwai abin da ba ya jiran kasafi. Birane da dama a Birtaniya da Faransa suna hana motoci bin layin da yake gaban makaranta a lokacin shiga da lokacin tashi, a Barcelona kuma tun 2021 iyaye suke raka yara makaranta a ayari a kan kekuna, suna tsayawa suna ɗaukar wasu a hanya. Ina da niyyar gabatar da na farkon a taron iyaye da malamai mai zuwa. Injiniya, idan layin yana da gidajen da masu su suke fita da mota a daidai wannan lokaci, yaya ake yi da su, kuma wane ne ya kamata ya tsaya a bakin shingen, malami ko jami'in hanya?